Labaran da Ya Bari a Kwallayena

Ranar addu'ar bakwai ta mijina Malam, ga waɗanda suka zauna a gidanmu na Zongo, a nan Kwatano. A ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar da ta cinye rabin titi, akwai limamin masallacinmu da na'ibinsa, da ƙanen Malam wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, da ɗan farina da ya zo daga Faraku, da mijin 'yata ta tsakiya, da sarkin fawa, da dillalan shanu uku waɗanda shekara da shekaru ba mai taɓa hulunansu sai Malam. A tsakar gida akwai ƙanwata da ta taso daga Jugu, da 'yata ta tsakiya mai aure a unguwar Vedoko, da autata, da matar ɗan farina, da matar ƙanen Malam, da maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Fon mai sayar da akasa, irin agidin nan nasu, wadda ba ta jin Hausa sai ta ciniki, amma ta ɗaura ɗankwali ta zauna tun safe. Ni ina ɗaki a kan tabarma, bayan labule, inda mai takaba take zama. Labulen yana da 'yar ɓula daidai idona. Ba wanda ya shiga ko ya fita ban gan shi ba.

Ban taɓa zama gaban allo ko kan bencin lakwal ba, wato makarantar boko. Abin sallah ma da baki aka koya mini. Autata ce take rubuta wannan, ni nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Kowa ya faɗi nasa a ranar. Sarkin fawa ya ce daga yau hula ba za ta sake tsayawa daidai a kan kowa ba a Zongo. Ɗaya daga cikin dillalan ya cire tasa, ya juya cikinta yana kallo, sai kuka ya zo masa, babban mutum da gemu fari. Liman ya ce bai taɓa waiwayowa a sallar asuba bai ga Malam a sahun gaba ba. Ƙanwata ta maimaita abin da ta saba faɗa tun yana da rai, wai mutum ne da ƙafarsa take nan kansa yana wata ƙasa, Allah Ya jiƙansa. Maƙwabciyarmu ta yi magana da yarensu, 'yata ta fassara mini: wai yanzu wa zai riƙa tambayarta labarin kakarta da take dafa gishiri a bakin teku?

Duk na ji. Ba wanda ya ambaci rubutunsa. Sun zagaye shi kamar yadda ake zagaye wata cuta da mamaci ya yi fama da ita. Shi ya sa nake wannan maganar, don kada a binne rabin mutum a bar rabi ba a san inda yake ba.

Sana'arsa wankin hula. Shagonsa yana lungun da ke ɓullewa unguwar Jonke, ɗan ƙarami, in ya miƙe ƙafa sai ta fito waje. Yakan wanke da sabulu da buroshi, ya sa sitaci, ya kifa kowace a kan gwangwani, ya jera su a rana kamar mutane sun zauna fadanci ba jiki. To a Kwatano hula ba ta bushewa da wuri. Iskar teku tana da laima, ko rana ta buɗe sai ka taɓa ka ji sanyi-sanyi. Wannan jiran shi ne ya mai da shi abin da ya zama. Wani zai yi gyangyaɗi, wani zai yi gulma. Shi sai ya jawo kaye, littafin rubutun nan na 'yan lakwal, ya ɗora a gwiwa, ya ciro bik, wato biro, daga bayan kunne.

Da ajami yake rubutu, irin hannun da mahaifinsu ya koya musu shi da ƙanensa, ƙanana kamar jerin tururuwa, yana haɗe wasu haruffan ta hanyar da shi kaɗai ya ga dama. Abin da yake rubutawa kuma labarin soyayya ne, amma ba ta yaran yanzu ba. Ta mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu: fatake, masu fito, masu dafa gishiri, leburorin da suka shimfiɗa dogo. Ya ce waɗannan mutanen an san abin da suka ɗauka a ka, an san inda suka sauke, amma ba wanda ya taɓa tambaya wa suke tunawa idan sun kwanta a zango.

A bakin tsofaffi yake samo su. Duk tsohon da ya kawo hula daga arewa, sai Malam ya ba shi wuri ya fara yi masa tambaya. Kakanka ta ina yake bi in za shi Gwanja sayen goro? A ina ake ƙetare Kwara? Mata suna cikin ayarin? Me suke ɗaurawa? In tsoho ya fara ba da labari mai daɗi bai ƙare ba, to hularsa ba za ta bushe ba. Zai dawo gobe a ce masa da saura, jibi a ce laima ta yi yawa. Akwai wani tsoho makiyayi da ya yi kwana tara yana yawo da rawani a kan tsurar kai, hularsa kuwa tana cikin akwatin Malam a bushe ƙayau tun rana ta biyu. Ni na gano. Na ce masa wannan zalunci ne. Ya ce a'a, tsohon ba shi da kowa a garin nan, ba wanda ya zaunar da shi ya saurare shi tun da ya zo, kwana taran nan sun fi masa hular. Na ce ko ma mene ne a ba mutum hularsa. Ya ba shi. Tsohon ya karɓa, washegari ya dawo da ita wai ta sake datti.

Alƙaliya yake kirana. Bayan la'asar idan ya dawo, ina tsintar shinkafar wainar gobe, sai ya shimfiɗa buzu nesa kaɗan da ni, ya yi gyaran murya, ya ce Alƙaliya, an kawo ƙara. Ni kuma in ce ba ni da lokacin ƙarya. Sai ya fara karantawa, wai ga kansa yake yi.

Wanda ya fi daɗewa a hannunsa shi ne labarin mai fito. Wani saurayi ne mai kwalekwale a mashigar Kwara, da 'yar madugu da take bin ayarin ubanta. Sau biyu kaɗai suke ganin juna a shekara, in ayari za shi da in zai dawo, kuma ganin bai wuce tsawon ƙetare ruwa. Ba su taɓa zama su biyu ba. Kullum akwai jakuna da buhunan kanwa da idon mutane. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Abin da suka faɗa wa juna duka in an tara bai cika hira ɗaya ba.

Ba zan ɓoye ba, idan yana karanta wannan, tsakar gidanmu takan buɗe. Katangar maƙwabta ta ja da baya, ƙarar 'yan zem masu acaɓa a titi ta yi nisa kamar ƙudan zuma, kukan jirgin ruwa daga tasha ya koma wani abu dabam, kamar ƙahon da ake busa wa ayari. Sai in ji jakuna suna tirjewa a bakin ruwa, in ji warin ɗanyen goro a cikin ganye, in ga ruwa ja mai faɗi wanda ban taɓa gani da idona ba, don ni a Jugu aka haife ni, daga can sai nan. Hannuna yana cikin shinkafa, ni kuma ina cikin kwalekwale. Wani lokaci sai kaza ta sa baki a faranti sannan in dawo.

Amma ban taɓa barin ya ga haka a fuskata ba. Aikina in kama shi. Ya rubuta wai 'yar madugu ta tsaya a bakin ruwa tana kallon ƙetare tun hantsi har azahar. Na ce to wa ya dafa wa ayarin abinci? Ya soke. Ya rubuta wai da za su rabu ta fashe da kuka. Na ce 'yar da ta taka ƙasa tun daga Kano ba ta kuka a gaban yaran ubanta. Ya ce to me za ta yi? Na ce za ta sunkuya ta ɗaure kayanta, ta ɗaure ba daidai ba, ta kwance ta sake, har sai an yi mata tsawa. Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya rubuta. Ranar bai ƙara karanta komai ba, sai kallona da yake yi a sace, har na ce masa in ya rasa abin yi ga tsintsiya can.

Wannan labarin ya gama shi. Sau uku ya sake kwafe shi daga farko, yana cewa ruwan bai yi zurfi ba tukuna. Wani mai buga takardu a unguwar Sen-Mishel ya ce in an mai da shi boko zai duba. Malam ya zauna da mijin 'yata Lahadi biyu, yana karantawa wancan yana bugawa a na'ura, sai ya ce a tsaya, wai da ya ji labarin a bakin na'ura mutanen sun zama baƙi. Ba a koma ba.

Sauran kuwa kowanne da inda ya tsaya. Akwai na wata mai dafa gishiri a bakin teku wajen Wida da wani baduku Bahaushe da ya zo sayar da layu da takalma. Wannan ya kai rabi, ya maƙale, don ya rasa da wane harshe za su yi faɗansu na farko. Shekara huɗu yana zuwa wurin maƙwabciyarmu da tambaya, tana ba shi amsa da hannu da ido, yana dawowa yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. Akwai na leburan dogo da mai furar da take bin sansanin leburori tana matsawa arewa tare da ƙarfen. Ya bi su tasha bayan tasha har Faraku, ya ajiye bik. Na tambaye shi sun yi aure ko ba su yi ba. Ya ce dogo a nan ya tsaya, shi ma bai san hanya gaba ba. Na ce mutanen da ka ƙirƙira da kanka? Ya ce ai su ba su san shi ya ƙirƙire su ba.

Akwai wani kuma shafi ɗaya ne tak, a kan macen da ta fara hura wuta a Zongo, lokacin da nan duk rairayi ne da itatuwan kwakwa, ana jin teku daga ko'ina. Ya karanta mini shafin nan ya fi sau ashirin. Mace ta durƙusa, iska tana kashe mata wuta, wani mutum da ba ta sani ba ya zo ya tsaya ta inda iskar take fitowa, bai ce komai ba. Shi ke nan. Kullum in na tambaya sai ya ce yana jira ta ɗago kai.

Faɗanmu mafi girma a kan rubutun nan ne. Jajibirin wata babbar sallah, hulunan rabin Zongo suna jere a gaban shagonsa, sun sha sitaci, sun kusa bushewa. Hadari ya taso daga teku, kowa ya gani, masu tebur suna ta kwashe kaya. Malam yana zaune, kansa a cikin kaye, yana Kwara. Ruwa ya sauko ya yi wa hulunan nan duka, wasu suka bi kwata. Washegari manyan mutane suka je idi da huluna a lanƙwashe kamar ganyen da ya kwana. Har gida aka zo ana yi mini baƙar magana. Na jira ya fita, na tattara littattafan nan kaf, na zuba su a cikin kwallayena, manyan kwanonin nan masu murfi da aka kawo ni da su gidan aure, na mayar da su saman kabad. Kowa ya sani namiji ba ya buɗe kwallar mace, ko mijinta ne. Ya dawo ya duba ƙarƙashin gado, ya duba akwati, ya ɗaga kai ya ga yadda na jera kwallayen, ya gane. Wata guda bai roƙa ba, ni ma ban bayar ba. Yana dawowa la'asar ya zauna a buzu hannu biyu a gwiwa, yana kallon katanga. Ni ce na gaji. Shinkafar ta daina tsintuwa. Na sauko da guda ɗaya na ajiye kusa da butarsa, na ce a dai riƙa duba sama.

Daga nan littattafan suka zauna a cikin kwallayen. In yana son wani sai ya ce Alƙaliya, a sako mini mai gishiri, ko a sako mini lebura. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma ban taɓa miƙa masa wanda bai nema ba. Na san su da bango, da nauyi, da inda miya ta ɗiga, da wanda ya sha turaren da nake sa wa zannuwana. Shekarar da ruwa ya shiga gidajen Zongo har gwiwa, katifu suka jiƙe, akwatinsa ya cika da laka, ba abin da ya sami littafi ko ɗaya. Yana tsaye cikin ruwa da wando a naɗe ya kalli saman kabad ya ce ashe kurkuku ma gida ne.

Na taɓa tambayarsa abin da yake damuna. Na ce Malam, ranar da aka kwantar da kai aka tambaye ka wannan ƙaryar da ka cika takardu da ita, me za ka ce? Bai yi dariya ba. Ya ce zai ce bai yi wa kowa ƙazafi ba, bai sa kowa ya saɓa wa Allah a cikinsu ba, mutane ne da aka manta ya ba su wurin zama. Sannan ya ce, in kuma an ce laifi ne, to Allah mai gafara ne, ke ma ki roƙa mini. Amsar ba ta ishe ni ba. Har yau ban ce ta ishe ni ba.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. A kwanakin ƙarshe ba ya iya riƙe bik, amma yakan ce in sauko da wata kwalla in buɗe kusa da shi, ya sa hannu a ciki kawai. Ranar wata Talata da hantsi ya cika, ana ta hayaniyar kasuwa a waje kamar kullum. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

To ranar bakwai ɗin nan, bayan la'asar, da aka shafa fatiha baƙi suka ragu, sai ƙanensa ya yi sallama ya shigo tsakar gida. Malam Ƙarami nake ce masa. Tun ina amarya yake gidan nan, ni na riƙa wanke masa riga, akwai wasan ƙanen miji tsakaninmu har ya tafi arewa neman ilimi, ya dawo da karatu mai yawa da dariya kaɗan. Yanzu shi yake ba da karatu a zauren masallaci. Ya tsuguna nesa da labulena, ɗan farina yana tsaye a bayansa.

Ya ce, “Yaya, takardun nan nake so a ba ni in ƙona. Ba don kaina ba. Tun ranar da muka sa shi a ƙasa ban sami natsuwa ba. Ina tsoron a tsayar da shi a kansu.”

Na leƙa ta ɓular labule na ga idonsa ya yi ja. Da mugunta ce ta kawo shi da abin ya zo mini da sauƙi.

Ya ci gaba da cewa labarin mace da namiji ne, an siffanta ido an siffanta wuya, ga sunan Allah a saman kowane shafi, duk wanda ya karanta ya ji wani abu a ransa, mai rubutun yana da kaso. Ɗan farina ya ce Baffa ya fi su sani, su dai ba sa iya karantawa balle su ce wani abu. Gaskiya ya faɗa. 'Ya'yana duka lakwal suka yi, Faransanci a bakinsu kamar ruwa, amma hannun ubansu ko layi ɗaya ba sa fitarwa. Mijin 'yata ya ce a ɗauki hotonsu a waya tukuna. Autata ta ce a ɗauka a kai wa wa?

Aka kira liman. Na sa autata ta miƙa masa littafi ɗaya. Ya kawo shi kusa da ido, ya kai shi nesa, ya juya shi wajen haske. Ya ce bisimillar sama kaɗai yake gani, sauran sai mai shi. Ya ce takarda mai sunan Allah ba a yar da ita, ƙonawa ko binnewa duk ya halatta, amma shi ba zai yanke hukunci a kan abin da bai karanta ba. Ya mayar, ya nemi takalmansa. A nan kowa ya gane abin da ni na daɗe da sani: duk duniya mutum ɗaya ya rage mai iya karanta hannun Malam, shi ne kuma yake tsugune yana neman ashana.

Na ce kwallayen nan da su aka kawo ni gidan nan, abin da yake cikinsu nawa ne sai ranar da na ce ba nawa ba. Ba ya cikin gado, ba ya cikin rabo.

Ya ce, “Yaya, ke ce fa kika fi kowa cewa ƙarya ce.”

Na ce, “Na faɗa. A gabansa na faɗa.”

Ƙanwata tana yi mini alama da ido in sassauta. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce shi ba zai sa hannu a kwallar mace ba, amma gobe bayan asuba zai dawo, ya roƙe ni in yi tunanin wanda yake kwance, in bar tunanin kunnena. Na ce Allah Ya kai mu.

Wannan maganar ta kunnena ta shige ni. Da aka watse na zauna ina kallon saman kabad har aka kira magariba. In shi ne da gaskiya fa? Ya zama ina riƙe da mijina a cikin zafi don kawai ina son in sake jin jakuna suna shiga ruwa? In kuma na miƙa, mai fito ya nutse ke nan, mai gishiri ba za ta taɓa yin faɗanta ba, waccan kuma ta mutu a durƙushe ba ta ɗago kai ba. Abin da yake kaina na iya riƙewa, amma kaina na shekara nawa ne? Ni ba malama ba ce. Abu ɗaya na sani tun ina yarinya a gidan ubana: ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji bakinsa ba.

Washegari da na idar da sallah, na sa autata ta sauko mini da kwallayen duka. Na hura gawayi da kaina a ƙaramin murhu, na tura shi waje ta ƙarƙashin labule. Na sa aka shimfiɗa tabarma a gefensa. Littafin da na ciro ba na sama ba ne. Na kai hannu can ƙasan babbar kwalla na ɗauko wani tsoho mai bangon shuɗi da ya koɗe, na ajiye a kan tabarmar.

Ya zo kamar yadda ya ce, da carbi a hannu. Ya ga wuta, ya ga littafi, ya yi hamdala.

Na ce, “Ga wuta na hura maka, ba sai ka nema ba. Amma ba za a ƙona abin da ban ji ba. Ka karanta mini da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ga saɓon Allah ka tsaya ka nuna mini, in na gamsu ni zan yaga in sa a wutar da hannuna.”

Ya ce wannan ai aikin watanni ne. Na ce ina da wata huɗu da kwana goma, ba inda za ni.

Ya zauna ba da son ransa ba. Ya buɗe bangon. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Wannan shi ne kwafin farko na labarin mai fito, kuma ba hannun Malam ba ne a ciki. Shekarar da dutsen guga ya ƙona wa Malam yatsu, wani saurayi ne ya riƙa zama a bakin shago yana rubuta masa abin da yake faɗa, har yana gardama wai a bar mai fito da 'yar madugu su yi magana ko sau ɗaya ba jaki a tsakani. Ina kawo musu abinci ina ji. Saurayin nan shi ne Malam Ƙarami, amma ya manta, ko ya so ya manta.

Ya share fuska da hannun riga, ya yi bisimilla, ya fara. Muryarsa ta karatun zaure ce, mai kauri, ba irin ta yayansa ba, amma kafin ya kai ƙasan shafi ta fara laushi. Ayari ya iso bakin ruwa. Aka fara sauke wa jakuna kaya. Autata ta bar wanke-wanke ta zo ta rakuɓe. Ya juya shafi, ya juya wani, sai na ji ya yi sauri a wani wuri ya faɗa gaba.

Na ce, “Malam Ƙarami, ka tsallake. Akwai inda ta ɗaga kai ta gyara gammo, ya ga wuyanta.”

Ya yi gyaran murya. Ya ce idonsa ne ba ya gani sosai da safe. Ya koma baya ya karanta wurin, a hankali, bai tsaya ba, bai nuna mini komai ba.

Garwashin ya fara yin fari a banza. Na miƙa hannu ta ƙarƙashin labule na ɗora butar shayi a kai, na ce ya ci gaba, ba su ƙetare ba tukuna.